Muhawara: Shin tauhidi yana ɓata waƙa ne, ko gyara ta yake yi? Tsofaffin waƙoƙin Latin na Cocin Katolika

Malam Istifanus:
Jama'a, barkanmu da warhaka. Akwai ra'ayin da na daɗe ina ji daga masu nazarin adabi, cewa da zarar an cusa koyarwar addini cikin waƙa to an kashe ta, sai dai a kira ta darasi mai amsa-amo. Ni ina ganin waƙoƙin Latin na zamanin tsakiya a Turai sun ƙaryata wannan ra'ayi, kuma babban shaidata shi ne Toma Akwinas, masanin tauhidin Katolika na ƙarni na sha uku. A shekarar 1264 Fafaroma Urban na Huɗu ya kafa Idin Jiki da Jinin Almasihu ga Ikilisiya baki ɗaya, aka ɗora wa Akwinas aikin tsara addu'o'i da waƙoƙin idin. Mutumin da aka sani da rubutun tambaya da hujja da amsa, wanda ba ya sakin kalma ɗaya don ado, shi ne ya fitar da Pange lingua, wadda baitocinta biyu na ƙarshe, wato Tantum ergo, har gobe ake rera su da Latin a majami'un Katolika na Kaduna da Jos da sauran garuruwa lokacin albarka da Sakramenti. Ku dubi wannan baiti daga waƙarsa Verbum supernum:

Se nascens dedit socium,
convescens in edulium,
se moriens in pretium,
se regnans dat in praemium.

Ma'anarsa ita ce, da haihuwarsa ya ba da kansa abokin zama, a wurin cin abinci ya ba da kansa abinci, da mutuwarsa ya ba da kansa fansa, a mulkinsa kuma yana ba da kansa lada. Ɗango huɗu, kowanne gaɓa takwas, amsa-amo ɗaya, amma an kwashe rayuwar Almasihu daga komin dabbobi har zuwa kursiyin sama, kuma abin da ake bayarwa bai sauya ba a dukansu, wato shi kansa. Idan aka cire tauhidin daga nan babu abin da zai rage, domin tauhidin ne ya ba baitin tsarinsa.

Malama Rifkatu:
Malam Istifanus, ka zaɓi baitin da ya fi kowanne kyau ka kafa hujja da shi, wanda kuwa kowane lauya haka zai yi. Amma ka ɗauko Lauda Sion, wadda shi ma Akwinas ɗin ya yi domin wannan idi. A tsakiyarta yana faɗa a fili cewa ga aƙidar da aka ba Kirista, gurasa tana komawa nama, ruwan inabi yana komawa jini, sannan ya bi da bayanin cewa wanda ya karɓa bai raba Almasihu ba, mutum ɗaya ya karɓa ko dubu su karɓa daidai suke samu, in an gutsura gurasar ba a rage komai ba. Wannan koyarwar Majalisar Lateran ta Huɗu ce ta 1215 aka zuba cikin kari domin ta zauna a ƙwaƙwalwa. Gwaninta ce, ban musa ba, amma gwanintar malami ce mai son ɗalibi ya haddace. Kuma kada mu manta cewa a farkon Summa, babban littafin tauhidi na Akwinas, an kira fasahar waƙa mafi ƙasƙanci a cikin dukan fannonin ilimi. Waƙar da nake kira waƙa a wannan zamani ita ce Dies irae, waƙar ranar shari'a, domin a cikinta mutum ne yake rawar jiki a gaban Mahaliccinsa.

Fada Bitrus:
Malama, maganar ƙasƙancin waƙa tana cikin hujjojin da Akwinas ya jero domin ya amsa su, kuma amsar tasa ta fi muhimmanci. Ya ce mawaƙi yana amfani da kamance domin siffantawa, tunda ɗan Adam yana jin daɗin siffantawa a ɗabi'arsa, amma koyarwa mai tsarki tana amfani da shi ne saboda larura da amfani, tunda ba mu isa ga abin da ido ba ya gani sai ta hanyar abin da ido yake gani.

Sai dai ina so mu koma baya kaɗan, domin gardamar nan ta girmi Akwinas da ƙarnuka. Ambros, bishop na Milan wanda ya rasu a 397, shi ne uban waƙar yabo ta Latin, kuma tun daga hannunsa waƙar makamin aƙida ce. A 386, lokacin da fadar sarki take neman a miƙa wa mabiya Ariyus, masu musun cewa Almasihu daidai yake da Allah Uba, wata majami'a, jama'a suka kwana a ciki suna gadinta, Ambros kuwa ya sa su rera waƙoƙi don kada gajiya da tsoro su karya musu gwiwa. Abokan hamayyarsa sun zarge shi da cewa ya sihirce jama'a da waƙoƙinsa, shi kuma bai musa ƙarfin waƙar ba. Agustin, wanda mahaifiyarsa Monika tana cikin masu kwanan, ya rubuta cewa ya zubar da hawaye da jin waƙoƙin Milan, amma a cikin littafin nan nasa na Confessiones, inda ya rubuta hakan, ya furta cewa duk lokacin da daɗin murya ya fi ma'anar kalmomin motsa shi, yana ganin ya yi zunubi, har yakan gwammace bai ji mai rerawar ba. Majalisar Braga a ƙarni na shida ta hana rera waƙar da ba daga Littafi Mai Tsarki take ba, sai Majalisar Toledo ta Huɗu a 633 ta tsaya wa waƙoƙin. Ita kanta Roma ta yi jinkirin ƙarnuka kafin ta shigar da su cikin addu'o'in sa'o'i, alhali 'yan zuhudun Benedikt suna rera su tun ƙarni na shida. Saboda haka Ikilisiya ba ta taɓa ɗaukar kyawun waƙa abu marar haɗari ba.

Dakta Aminu:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne kuma fannina rubutacciyar waƙar Hausa, don haka zan tsaya a kan sana'ar waƙar, in bar aƙidar ga masu ita. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sauyin da karin Latin ya yi. Mawaƙan Roma na dā, irin su Bajil da Horas, suna auna ɗango ne da gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, kamar yadda arulin Larabci yake yi, kuma kamar yadda marubuta waƙoƙinmu suka gada. Amma su mawaƙan Roma ba su damu da amsa-amo ba. Da kunnen jama'a ya daina bambance dogon wasali da gajere, sai mawaƙan coci suka koma ƙirga gaɓoɓi da bin inda murya take faɗawa da ƙarfi, suka kuma rungumi amsa-amo, har ya kai matuƙa a hannun Adam na gidan zuhudun San Biktor a Paris, a ƙarni na sha biyu. Wato abin da masana Latin na gargajiya za su kira lalacewar harshe, shi ne ya haifi sabuwar fasaha.

Game da kukan Malama Rifkatu kuwa, mu ma muna da wannan rabo tsakanin waƙar ilmantarwa da waƙar wa'azi da ta madahu, kuma ba mu taɓa cewa ta ilmantarwa ba waƙa ba ce, sai dai mukan auna ta da ma'auninta. Wani abin lura shi ne, Alfazazi mai Ishiriniya da Albusiri mai Burda duk a ƙarni na sha uku suka yi rayuwa, ƙarnin Akwinas da Dies irae. Tambayata ga Malama ita ce, mene ne ya raba Dies irae da waƙar tsoratarwa kawai? Domin siffanta tashin alƙiyama da busa ƙaho da buɗe littafin ayyuka ba sabon abu ba ne ga mai sauraron wa'azi.

Malama Rifkatu:
Dakta, tambayarka ta kai ni inda nake so. Waƙar, wadda aka fi jingina wa Toma na Selano, almajirin Faransis na Asisi, ta ɗauko kalmominta na farko daga Zafaniya 1:15. Baitocinta 'yan ƙwar uku ne, kowane ɗango gaɓa takwas, kuma ɗangogi ukun suna ƙarewa da amsa-amo iri ɗaya mai gaɓa biyu, ta yadda mai sauraro yana jin bugu uku a jere kafin ya numfasa. Baitoci shida na farko babu «ni» a cikinsu ko ɗaya: duniya tana zama toka, ƙaho yana ratsa kaburbura, mutuwa da halitta suna ɗimaucewa, an kawo littafi, alƙali ya zauna, babu abin da zai ɓuya. A baiti na bakwai ne kwatsam murya ta sauya, mawaƙin ya tambaya, ni matalauci me zan ce a ranar, wa zan roƙa ya tsaya mini, alhali mai adalci ma da ƙyar zai tsira? Daga nan har ƙarshe roƙo ne. Ga baiti na goma:

Quaerens me sedisti lassus,
redemisti crucem passus,
tantus labor non sit cassus.

Wato kana nemana ka zauna a gajiye, ka fanshe ni da shan azabar gicciye, kada wannan wahala mai yawa ta tafi a banza. Ɗangon farko yana nuni ga Yohanna sura 4, inda Yesu ya gaji da tafiya ya zauna a bakin rijiya har Basamariya ta zo ɗiban ruwa. Mawaƙin ya sa kansa a matsayin wannan mata, ya kuma tuna wa Alƙalin da ke kan kursiyi cewa shi ne wanda ya taɓa zama a bakin rijiya da ƙishirwa. Bai kawo aikinsa na kirki ko ɗaya ba, hujjarsa kawai ita ce asarar da Alƙalin zai yi in ya bar shi ya hallaka. Daga baya ya ambaci mace mai zunubi da aka yafe wa da ɓarawon da aka amsa wa a kan gicciye. Wannan juyi daga taron duniya zuwa mutum guda shi ne abin da ba na samu a Lauda Sion.

Malam Istifanus:
To ai Malama, da bakinki kin ba ni gaskiya. Baitin da kika yaba ba zai yi ma'ana ba sai ga wanda ya gaskata cewa Alƙalin ranar ƙarshe da matafiyin da ya gaji mutum ɗaya ne, Allah kuma ɗan Adam, wanda shi ne hukuncin Majalisar Kalsidon ta 451. Abin da ya taɓa miki zuciya aƙida ce tsantsa.

Yakubu:
Ina gaida manya. Ni ɗan Furotesta ne, kuma damuwata ta bambanta da taku. Ban musa kyawun waƙoƙin ba, kyawun ne ma yake ba ni tsoro. A baitin farko na Dies irae an kafa shaida da Dawuda tare da Sibil, wata bokanya ta arnan Girka da Roma. A Stabat Mater kuma, bayan an siffanta Maryamu a gindin gicciye, sai mawaƙin ya juya yana roƙonta ita kanta ta sa shi ya ji zafin da take ji, ta kuma kāre shi a ranar shari'a. Mutum zai rera wannan hawaye na zuba masa, bai tsaya ya tambaya ko Littafi ya koyar da haka ba. Ƙari a kan haka, manomin Italiya ko na Jamus a shekarar 1300 ba ya jin Latin, to me ya rage masa in ba daɗin murya ba, abin da Agustin ya kira zunubi?

Sista Martina:
Ɗan'uwa Yakubu, tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi kuma ba za a wuce ta da dabara ba. Gaskiya ne yawancin waɗannan waƙoƙi limamai da 'yan zuhudu ne suke rera su, waɗanda suka koyi Latin tun suna yara. Amma jama'a ba a bar su haka nan ba. Faransis na Asisi ya yi waƙarsa ta yabon Allah ta bakin halittu da harshen mutanen Umbriya wajen 1225, kuma Yakofone na Todi, wanda ya rasu a 1306, wanda kuma aka fi jingina wa Stabat Mater, yawancin waƙoƙinsa da harshen gari ya yi su, ƙungiyoyin talakawa suna rera irinsu a tituna.

Game da Stabat Mater, tushenta ayoyi biyu ne, Yohanna 19:25 inda uwar take tsaye kusa da gicciye, da Luka 2:35 inda Saminu ya gaya mata takobi zai soki ranta. Abin da mawaƙin yake roƙo tun daga tsakiyar waƙar shi ne a kafa raunukan Wanda aka gicciye a zuciyarsa. Uwar ita ce wurin da aka tsayar da mai rerawa domin ya dubi Ɗan, tunda babu wanda ya dube shi a wannan rana kamar yadda ta dube shi. Na san ba za mu yarda a kan roƙon tsarkaka ba, wannan tsohuwar gardama ce, amma ka lura cewa baitin ƙarshe yana neman ɗaukakar Firdausi ne ta mutuwar Almasihu da gicciyensa.

A kan ko daɗin murya zunubi ne, akwai wadda ta amsa wa Agustin, ita ce Hildegad ta Bingen. A 1178, tana da shekara 80, hukumomin cocin Mainz suka hana gidan zuhudunta rera ibada saboda ta ƙi tone gawar wani mutum da aka ce an fitar da shi daga zumuntar Ikilisiya, ita kuwa ta dage cewa ya tuba kafin ya mutu. A wasiƙar da ta aika musu ta yi bayani cewa muryar Adamu kafin faɗuwa tana tafiya daidai da ta mala'iku, annabawa kuma suka tsara zabura da kayan kiɗa domin mutum ya tuna abin da ya rasa, Shaiɗan ne kuma yake ƙin jin waƙar. Ta gargaɗe su da su yi hattara kafin su rufe bakin masu yabon Allah. An ɗage hukuncin a 1179, 'yan watanni kafin rasuwarta.

Fada Bitrus:
Batun Sibil kuma, Yakubu, Agustin da kansa ya kawo wata waƙar da ake jingina mata game da ranar shari'a a cikin littafinsa na Birnin Allah, kuma mutanen zamanin tsakiya sun ɗauka cewa Allah bai bar al'ummai ba tare da shaida ba. Duk da haka ɗangon ya dami wasu Katolika ma, har waɗansu littattafan ibada na Faransa suka musanya shi.

Amma ina so in koma kan Lauda Sion, domin ina ganin Malama Rifkatu ta yi mata rowar adalci. Akwinas ya ce abu mai kyau shi ne wanda in an gan shi yake faranta rai, ya kuma lissafa sharuɗɗa uku, cika, da daidaito, da haske. To ga shi an ba shi aikin yin waƙa a kan abin da ido ba ya ganin komai a cikinsa sai farar gurasa. Ba shi da fuskar uwa mai kuka, ba shi da ƙaho da kaburbura. A Tantum ergo ya ce bangaskiya ta cike gurbin da gaɓoɓin ji da gani suka kasa, a Adoro te devote kuma ya ce gani da taɓawa da ɗanɗano duk sun kuskure, ji kaɗai ake dogara da shi. Mutumin da ya gaskata haka dole ya zuba dukan kyawun a cikin abin da kunne yake kamawa, wato daidaiton kalma da kalma, ɗaya da dubu, mutuwa ga miyagu da rai ga nagari daga abinci guda. Sannan ku ƙirga ɗangogin: waƙar ta fara da baitoci masu ɗango uku, kusa da ƙarshe suka zama huɗu, na ƙarshe kuma biyar, kuma daidai inda suka kai biyar ne bayani ya ƙare aka shiga roƙon Makiyayi nagari ya ciyar da mu ya kāre mu. Juyin da Malama take nema yana nan, sai dai ya jira har ya gama koyarwa.

Dakta Aminu:
Fada, wannan bayani na faɗaɗar baiti ya gamsar da ni ta fuskar sana'a. Amma ina da tambaya ta tarihi. In har Ikilisiya ta san darajar waɗannan waƙoƙi haka, me ya sa na karanta cewa an zubar da mafi yawansu?

Fada Bitrus:
An yi haka sau biyu, ta hanyoyi daban. Akwai nau'in waƙar da ake rerawa kafin karatun Bishara, wanda Notka na gidan zuhudun San Gal ya shahara da shi a ƙarni na tara, bayan ya ga cewa sa kalmomi a kan dogon karin Halleluya yana taimaka wa hadda. Irin waɗannan sun yi yawa ƙwarai, kowane gari da nasa. Littafin Mas na Fafaroma Piyus na Biyar a 1570, bayan Majalisar Trent, ya bar huɗu kacal: ta Ista, ta Fentikos, Lauda Sion, da Dies irae. Stabat Mater sai a 1727 aka shigar da ita. Na biyu kuma ya fi ciwo. Fafaroma Urban na Takwas, wanda shi ma mawaƙin Latin ne mai bin salon Roma ta dā, ya ga karin tsofaffin waƙoƙin addu'o'in sa'o'i a karye yake, sai ya sa malamai 'yan Jesuwit huɗu suka yi musu ɗaruruwan gyare-gyare, aka fitar da su a 1632. Waƙoƙin Akwinas ba a taɓa su ba, amma na Ambros da na Fortunatus da waɗanda ba a san mawallafansu ba sun sha aski. Daga nan ne aka sami zancen nan da ya yaɗu, cewa Latin ya ƙaru, ibada ta ragu. 'Yan Benedikt da 'yan Dominik suka riƙe tsofaffin, kuma sai bayan Majalisar Vatikan ta Biyu aka maido da yawancinsu a littafin addu'o'in sa'o'i na 1971.

Malam Istifanus:
Wannan labari na 1632 shi ne hujjata mafi ƙarfi. Masu gyaran ba su sauya aƙida ba, ado kawai suka nema, suka auna waƙoƙin da ma'aunin Horas, sai ga shi sun fito sumul amma ba rai. Ashe kyawun da ke cikinsu tun farko ba na ƙa'idar adabi ba ne.

Malama Rifkatu:
Ko kuma hujjata ce, Malam. Aƙidar tana nan daram bayan gyaran, kamar yadda ka faɗa da kanka, amma waƙar ta mutu. Da tauhidi ne kaɗai yake ba ta rai, da ba ta mutu ba. Abin da aka kashe shi ne muryar mutumin da ya yi ta da harshen da kunnensa yake ji.

Kuma tunda Fada ya ambaci gyaran da ya biyo bayan Vatikan ta Biyu, a wannan gyara ne aka cire Dies irae daga Mas na jana'iza, bisa dalilin cewa ta cika tsoratarwa kuma jana'izar Kirista ya kamata ta nuna begen tashin matattu. An bar ta ne kawai a addu'o'in sa'o'i na makon ƙarshe na shekarar Ikilisiya, ga wanda ya ga dama. Ina zargin cewa Mozart da Verdi, masu tsara kiɗa da suka sa wa waƙar kiɗa, suna da hannu a wannan, domin kiɗansu ya sa mutane suna tuna ganguna da ƙahoni na baitocin farko, suna mance cewa baitoci goma sha ɗaya da suka biyo baya roƙon jinƙai ne.

Yakubu:
Sista, na gode da bayanin Hildegad, ban kuma ƙi cewa waƙa baiwar Allah ce ba, Martin Luta ma, jagoran Furotesta na farko, ya fassara Veni Creator da wata waƙar Ambros zuwa Jamusanci domin jama'a su rera. Amma ya fassara su ne, kuma ya zaɓa. Har yanzu ina riƙe da cewa baitin da ke roƙon Maryamu ta kāre ni a ranar shari'a ba zan iya rera shi ba komai daɗinsa, alhali baitin bakin rijiya da Malama ta kawo zan rera shi gobe in an sa shi da Hausa. Malam Istifanus, kai da kake koyar da mawaƙa, ko akwai wanda ya gwada zuba Dies irae cikin ƙwar uku ta Hausa ba tare da ya rasa amsa-amon nan mai gaɓa biyu ba?